Zabibin Hunkuyi da Jan Ceri na Kan Kek: Jagora Ga Mai Yawan Borin Jini

Ranar da gwaggona ta dawo Hunkuyi daga wani biki a Zariya, tun daga zaure muka ji tana salati. Wuyanta da damatsanta sun yi ruɗu-ruɗu, fuskarta na zafi kamar wadda ta wuni a bakin murhu, kanta na sarawa. Ta ce, "Ɗan nan, wannan jan abin da suke ɗorawa kan kek ne. Guda biyu kacal na ci." Na ce, "Gwaggo, ban da shi me kika ci?" Ta ce ai abin da kowa ya ci, shinkafa da soyayyen titus. A kula aka kawo tun hantsi, su kuwa sai bayan la'asar aka zuba musu. Ta sha Piriton ta kwanta, gari ya waye ta tashi garau. Har yau ko a hoto ta ga kek da jan ƙwallon nan sai ta kau da kai.

Ni kifin nake tuhuma, kuma ina da dalili.

Histamin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Jiki da kansa yake yin sa, ya ajiye a fata da hanci da huhu da hanji, ya sake shi in sauro ya cije ka ko ƙura ta shige maka hanci. Shi ne mai kawo ƙaiƙayi da atishawa da kumburin wurin cizo. Tun 1910 Henry Dale da Patrick Laidlaw suka bayyana aikinsa a Ingila. Akwai kuma wanda ke shigowa ta baki. In abinci mai gina jiki ya zauna cikin ɗumi, ƙwayoyin bakteriya sukan juya wani sinadari da ke cikinsa, histidin, ya koma histamin. A bangon ƙaramin hanji akwai abin da ke narkar da shi kafin ya kai ga jini, likitoci na ce masa DAO. Kamar kwalbati ne a kan hanyar gona: yayyafi ya bi ta ciki ya wuce, mamako kuwa ya haura kan titi. Wani kwalbatinsa mai faɗi ne, sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya zai ga ambaliya. Wani nasa ƙarami ne, ko ciwon hanji ko wani magani ya toshe masa rabi, ɗan abin da kowa ke ci lafiya shi sai ya tashe shi da ciwon kai, ƙaiƙayi, toshewar hanci, bugun zuciya, kumburin ciki ko zawo. Wannan na biyun shi ake kira rashin jure histamin.

Na farkon kuwa guba ce tsagwaronta, kowa tana iya kama shi. Titus da sadin da tuna suna da histidin da yawa a tsokarsu. Matuƙar suna cikin ƙanƙara babu abin da zai faru. Da zarar sun narke sun zauna a kan tebur cikin zafin Maris, aiki ya fara. Abin takaicin shi ne wuta ba ta kashe histamin. Ka soya, ka gasa, ka yi banda, ka mayar firiza, wanda ya riga ya taru yana nan daram, kuma sau da yawa kifin ba ya wari. Taron masana da FAO da WHO suka kira a Rum a 2012 ya tsayar da cewa miligiram 200 a kilo ɗaya na kifi shi ne iyaka. Kifinmu na rafi, tarwaɗa da ƙarfasa, histidin ɗinsu kaɗan ne, don haka hatsarinsu ta wannan fuska bai kai na titus ba.

To, shi jan ƙwallon fa? Ceri ne, ɗan itacen ƙasashen sanyi. Ba ya 'ya'ya a nan don bishiyarsa na bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da hunturunmu bai kai ba. Ɗanyensa ba ya cikin abinci masu yawan histamin. Amma wanda ke zuwa mana a kwalba ko a 'yar roba ya yi nisa da ɗanye. Asalin sana'ar daga gaɓar Dalmashiya take, wajen garin Zadar a Kuroshiya ta yau, inda ake jiƙa wani ceri mai tsami a cikin giya. Daga 1925, a daidai zamanin da aka haramta giya a Amurka, wani malamin kwalejin noma a jihar Oregon, Ernest Wiegand, ya gyara hanyar da masana'antu ke bi har yanzu. Ana zuba cerin cikin ruwan da aka sa wa salfait da gishirin kalsiyam, ya yi makonni. Salfait ya hana shi ruɓewa, ya kuma kore launinsa tas har ya koma fari-fari. Kalsiyam ya sa tsokarsa ta yi tauri. Sai a cire ƙwallon, a wanke, a jiƙa cikin ruwan sukari mai kauri, a rina shi ja, a ƙara masa ƙanshi. Abin da gwaggo ta ci, in an bi diddigi, sukari ne da rini da ɓurɓushin salfait a cikin fatar ceri.

Ke nan waɗanda ake tuhuma uku ne, kuma ba dangin juna ba ne. Histamin ɗaya. Salfait biyu, shi kuwa masu asma ya fi taɓawa, ya sa su tari da shaƙewa. Rini uku. A jikin kwalba za ka ga salfait da lamba tsakanin E220 da E228, kuma ƙa'idar duniya ita ce a rubuta shi in ya kai miligiram 10 a kilo. Rinin ceri yakan zo da E127 ko E129. Na farkon, hukumar abinci ta Amurka ta soke izinin sa shi a abinci a Janairun 2025. Kwalbar da ba ta da jerin abin da ke ciki, ba ta da ranar lalacewa, ba ta da lambar NAFDAC, ko wadda aka juye aka ƙulla a leda ana sayarwa da cokali, a bar wa mai ita.

Kafin mutum ya haramta wa kansa abinci har abada, ya kamata ya gano wanne ne nasa. Gwajin jini ɗaya ba ya yanke hukunci a wannan ciwo, kuma an sha gwada masu ƙorafin a ba su abin da babu histamin a ciki ba tare da sun sani ba, wasunsu su ce ai ga ciwon ya taso. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin borin jini na Jamus da Ostiriya da Siwizalan suka fi yarda da gwaji a kwano. Ka samu ɗan littafi na 'yan makaranta. Kwana 10 zuwa 14 ka ajiye titus da sadin da duk kifin gwangwani, da bandar da ta daɗe a kasuwa, da kilishin da ba ka san ranar yin sa ba, da daddawa, da nono mai tsami, da tumatir kowane iri, da ɗumamen miyar da ta kwana a waje. Ka ci tuwo da shinkafa da dankali, kabewa, kuɓewa, kuka, karas, albasa, naman da aka yanka yau, tarwaɗa da aka kamo da rai. Miyar kuka ba daddawa, na sani, sai haƙuri, amma sati biyu ne ba shekara ba. Kowace rana ka rubuta abin da ka ci, da ƙarfe nawa, da abin da ka ji. In sati biyun suka cika jiya i yau, to ba histamin ba ne. Ka koma cin abincinka, ka je asibiti a nemi dalili a wani wajen. In kuwa ka ji sauƙi ƙwarai, sai ka fara dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, kana barin kwana biyu ko uku tsakani, har zuwa sati shida. Mafi yawa sukan tarar ba duka ne ke damunsu ba, kuma wanda ke damun nasu ma sai ya yi yawa ko ya haɗu da ɗan'uwansa a kwano ɗaya. Yara da masu ciki da masu shayarwa ba a yi musu wannan takura sai da likita.

Abu biyu ba a wasa da su. Mai shan maganin tarin tibi da ake ce wa isoniyazid ya yi hattara da titus da sadin, don maganin yana danne abin da ke narkar da histamin. Ba dalilin daina magani ba ne ko na kwana ɗaya. Ya faɗa wa ma'aikatan da ke ba shi, ko a asibitin garinsu ko a cibiyar tarin tibi da kuturta ta Saye a Zariya. Na biyu, in leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko mutum ya nemi suma, ba maganar aiken yaro kemis ba ce. A sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura babban asibitin Shika.

Yanzu ga aikin hannu. Mu a ƙasar Kudan abin da muke da shi a madadin ceri shi ne inabi. Duk wanda ya biyo hanyar Zariya zuwa Hunkuyi ya san rumfunansa, kuma duk manomi ya san baƙin cikin ranar da 'yan sari suka zaɓi manyan nonna suka bar masa ƙanana da waɗanda suka zube. Waɗannan ƙananan su ne jarin mai zabibi. Ɗanyen inabi kusan babu histamin a cikinsa. Matsala tana farawa ne in ya fashe ya kwana a ƙasan kwando ya soma tsami. Don haka duk dabarar a wuri uku take: ka fara da lafiyayye, ka busar da wuri, ka hana shi sake shan laima.

Inabin da ya nuna a rani shi ake busarwa. Na damina ba zai bushe ba sai dai ya yi funfuna. Ka sayi wanda ya nuna sosai ya yi zaƙi, don inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, kuma mai tsami in ya bushe fata ce kawai da ƙwallo. Ka tambayi mai gona yaushe ya yi feshin ƙarshe, in bai kai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin ba ka jira. A tsinko da sassafe, aiki ya fara a ranar. Ka zauna da tire biyu kana tsinke 'ya'yan daga nono kana dubawa ɗaya-ɗaya. Wanda ya tsage, wanda tsuntsu ya caka, wanda ya yi laushi a gindi, wanda ka shinshina ka ji warin tsami, duk gefe. A nan ne rowa ke cutar mutane, sai ka ji an ce ai rana za ta gyara shi. Rana ba ta gyara ruɓaɓɓe, busar da shi kawai take yi da abin da ke cikinsa. Sai wanki, ruwa biyu ko uku, a tsane a kwando.

Fatar inabi tana da wani farin kitse a bayanta, wanda ke gogewa in ka murza da yatsa. Shi ke tsare ruwan ciki, shi ya sa in ka shanya inabi haka kawai zai yi sati biyu zuwa uku bai bushe ba. Hanya biyu ake bi a karya wannan tsaro. Ta farko, ka tafasa ruwa a babbar tukunya, ka zuba inabin a kwandon ƙarfe ko matsami, ka tsoma daƙiƙa 30, in fatar mai kauri ce har zuwa 60, ka ciro ka tsoma cikin ruwan sanyi nan take. Ka ɗauki ɗaya ka duba a haske, za ka ga 'yan tsage-tsage siri-siri kamar na faso. Abin da ake nema ke nan. In fatar ta kwaye ta rabu da tsoka, ka wuce wuri. Mutanen Turkiyya da Girka tun zamanin da suna tsoma nasu cikin ruwan toka da man zaitun don wannan dalili, amma ƙarfin ruwan toka ba ya zama ɗaya daga murhu zuwa murhu, ni ruwan zafi na fi yarda da shi.

Hanya ta biyu ta fi cin lokaci amma ta fi kyau in inabinka mai ƙwallo ne, kamar wanda nake samu. Ka raba kowane biyu da wuƙa mai kaifi, ka fitar da ƙwallon da bakinta. Wannan ba ya bukatar tsomawa a ruwan zafi. Aikin hira ne, mutum uku su gama kilo biyar tsakanin hantsi da azahar, in ba a sa yara ba, don su rabi a tire rabi a baki.

Wurin shanya ya ɗaga daga ƙasa kamar tsawon ƙugu. Firam ɗin katako da aka ɗaure wa ragar roba ya fi komai, don iska na shiga ta sama da ƙasa. Faifai ko sabuwar tabarma a kan gadon kara su ma sun yi. Kada a shanya kai tsaye a kan kwanon rufi, tsamin inabi na cin ƙarfen. Kada a shanya a buhun taki ko na maganin feshi komai wankinsa. A jera su ba tare da wani ya hau wani ba, tsagin yana kallon sama. A rufe da sabon yadin labule mai shara-shara ko raga mai ƙananan ido, a ɗaga ta da kara kada ta taɓa su. Gidan sauron da aka raba a asibiti akwai maganin ƙwari a jikinsa, ba ya hawa kan abinci. Rufin nan ba ado ba ne. Ƙuda da zuma da rina suna jin zaƙin daga nesa, ga ƙurar hunturu.

Daga rana ta biyu ake juyawa sau ɗaya kullum da hannu mai tsabta. Kafin magariba a shigar ɗaki mai iska, da hantsi a fitar, don raɓar asuba tana mayar da aikin kwana guda baya. A wajena wanda aka raba biyu yakan yi kwana biyar zuwa bakwai in rana ta buɗe, in hazo ya rufe ya fi haka. Alamar ya yi: ka damƙi cikin hannu ka matse ka saki, ya warware bai dunƙule ba. Ka tsaga ɗaya da farce, ba ruwa a tsakiya, yana lanƙwasuwa kamar fata. Kilo huɗu na ɗanye yakan ba da wajen kilo ɗaya. Zai fito baƙi-baƙi, kuma haka ya kamata. Zabibin kanti mai ruwan zinare salfait ne ya riƙe masa launi. Akwai masu koyar da tsoma kayan shanya cikin ruwan metabaisalfait don su yi kyan gani a kasuwa. In don mai asma ko mai borin jini kake yi, ka tsallake wannan darasi.

Saura mataki ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Ba duka suke bushewa daidai ba, wani ya ƙeƙashe wani da sauran danshi. Ka zuba a busasshiyar kwalba, kada ta cika, ka bar kashi ɗaya cikin uku, ka rufe. Kullum ka girgiza har kwana 7 zuwa 10. Masu danshi za su raba wa busassu. In ka ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, a koma shanya. In ka ga funfuna, fara ko baƙa, kwalbar duka ta tafi, ba a tsincewa, don funfunar inabi na iya barin dafin da ke taɓa ƙoda. Don kashe ƙwan ƙwari, mai firiza ya sa kwalbar kwana biyu cur, mai oba ya gasa a zafin digiri 70 na minti 30. A ajiye a ƙananan kwalabe a wuri mai duhu, a rubuta kwanan wata a takarda a manna. Ƙananan sun fi babba ɗaya da za a riƙa buɗewa kullum cikin laimar Agusta.

Kauɗar tumatir ƙa'idarta ɗaya ce da wannan, sai dai da bambanci babba. Shi tumatir tun yana ɗanye da ɗan histamin a cikinsa, kuma wajen kashi 94 cikin 100 nasa ruwa ne. In ruwan ya tafi, abin da ya rage ya taru wuri ɗaya, cikin hannu guda na kauɗa ya tashi a matsayin tumatir mai yawa. Ga kuma yadda aka saba yin ta a shekarar da kasuwa ta faɗi. Masana'antar tumatir ta Ikara, da aka kafa tun 1981, ba ta taɓa isa ta shanye abin da yankin ke nomawa ba, sai ka ga ragowar kwandon da ta fara ɗiga an yanka an baza a ƙasa a bakin titi. Wanda littafinsa ya nuna masa yana ɗaukar tumatir kaɗan, ya yi tasa kauɗar da kansa daga tsayayyen tumatir, a yanka falle-falle, a kan raga, ya kuma rage hannu wajen zubawa. Kabewa da karas suna cike gurbin kaurin miya.

Shi kuwa jan ado na kan kek, muna da shi a gida ba mu lura ba. Zoɓo ne. Ka zaɓi baƙin zoɓo mai manyan kofuna waɗanda ba su karye ba, ka wanke yashin sarai, ka jiƙa minti 20 ya saki jiki. Kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwan jiƙon, a tukunyar da ba ta alminiyam ba. In sukarin ya narke ka zuba zoɓon, wuta can ƙasa, wajen rabin awa, har ya yi sheƙi. Ka sauke ka bar shi ya kwana a ciki a rufe. Da safe ka sake ɗumamawa ya tafasa sau ɗaya, ka tsame, ka jera a raga ya sha iska wuni guda, ka barbaɗa sukari. Na taɓa gwadawa da mazarƙwailar Makarfi. Daɗin ya fi, amma launin ya koma kamar na goro da aka tauna, ba wanda zai ɗora shi a kek ɗin amarya. Ruwan da ya rage a tukunya kada a zubar, a sirka da ruwan sanyi a sha. Shi ma zoɓon, mai gwaji ya shigar da shi littafi kamar kowane abinci, guda ɗaya ranar farko.

Da sunan jikar gwaggo aka yi kek a gida, aka jera zoɓon guda bakwai a kai. Gwaggo ta tsaya daga nesa ta ce, "Ɗan nan, ba na hana a kawo min wannan abu gidan nan ba?" Na ciro ɗaya na miƙa mata. Ta juya shi, ta shinshina, ta ɗan gatsa. Ta ce, "Yo wannan ai zoɓo ne." Ta cinye, ta ɗauki na biyu, ta ce a ajiye mata ruwan.